Ka yi afdet, yanzu in ka zura diski kwamfuta na kunne sai ta yi kamar ba ta gani ba: ga yadda nake bin sawun matsalar

Wata Asabar tun ban karya ba wani Alhaji mai shagon ɗaukar hoto da bidiyon biki nan wajen Ƙofar Ƙaura ya kira ni, wai diskinshi biyu sun mutu rana ɗaya. Ni na haɗa mashi kwamfutar da suke tara aiki a kai, Ubuntu ce 24.04, wato wani nau'in Linux, a gabanta akwai aljihu irin wanda ake zura diski a zaro ba sai an kashe ba, duk ƙarshen sati yaronshi zai zura ɗaya ya kwashe bidiyon satin ya zare a kai gida a aje. Watanni ana haka lafiya lau. To ranar sun zura na farko shiru, sun zura na biyu shiru, har Alhaji ya ba yaro kuɗi ya tafi ya sayo sabo. Na ce ranka ya daɗe a kira yaron nan ya dawo tukunna, diski biyu ba sa haɗa baki su mutu lokaci guda, me aka yi wa kwamfutar cikin satin nan? Yaron da ya dawo ya ce, Oga ni dai ta nemi afdet ranar Laraba na danna mata.

Shi ke nan na san inda zan fara. Cikin afdet ɗin akwai sabon kanel, wato zuciyar Linux ɗin, wadda ita ke magana da duk wani ƙarfe da ke cikin akwatin. Wannan abu na zura diski inji na aiki shi ake ce ma hotplug, kuma in ya tsaya bayan an canza kanel yawanci diskin lafiyarshi ƙalau, saƙon zuwanshi ne ya maƙale a hanya. Kamar ka ba direba saƙo daga Daura bai iso Katsina ba, ai ba ka cewa saƙon ya lalace, tasha-tasha za ka bi ka ji inda ya tsaya. Tashoshin nan guda huɗu ne: ramin da ka zura diskin ya ji shi, direban da ke cikin kanel, wato ɗan shirin da ke sarrafa ƙarfen, ya karɓi labari, udev, shirin da ke raɗa wa kayan da aka zura suna, ya yi mashi suna irin su /dev/sdb, sannan a ɗora shi kan folda ka ga fayilolinka.

Kafin komai, don Allah kar ka yi fomatin, kar ka kai shi kan Windows ta ce ma yana buƙatar fomatin ka danna eh, kar kuma ka fara gudanar da kayan gyaran diski a kanshi. Ba mu ma san ko shi ke da laifi ba.

Fara da tambayar da ke ba mutane kunya

Ka yi ristat bayan afdet ɗin kuwa? Buɗe taminal, wato tagar da ake rubuta umarni, ka rubuta

uname -r

zai nuna ma kanel ɗin da ke aiki yanzu, sai ka dubi

ls /lib/modules

ka ga ko akwai folda mai irin wannan lambar sak. A Ubuntu da Debian da Fedora tsohon kanel na nan ba a goge shi nan take, amma masu Arch da danginta afdet na share foldar direbobin tsohon kanel alhali shi ke aiki, to duk direban da ba a riga an loda ba ya tafi, ka zura filas ko diskin USB ba abin da zai faru. Maganin wannan ristat ne kawai. Na taɓa ɓata kusan awa guda kan wannan a laftof ɗina, ina ta zargin waya.

Sa ido kan abin da kanel ke faɗa

Zare diskin, sai ka rubuta

sudo dmesg -w

ka bar tagar a buɗe, in kana so ka buɗe ta biyu ka sa udevadm monitor, sannan ka zura diskin ka ƙirga kamar daƙiƙa 20, don babban diski mai inci 3.5 sai ya ɗan ɗauki lokaci kafin faifan cikinshi ya kai gudu. Kasa kunne kuma ka ɗora yatsa a jikin aljihun, ka ji yana juyawa? In ba ya motsi kwata-kwata to maganar wuta ce ba ta kanel ba.

Abu uku ne za ka iya gani. Ko dai shiru, ko layi ɗaya bai ƙaru ba. Ko kuma rubutu ya yi ta zubowa da su COMRESET failed da link is slow to respond da hard resetting link. Ko kuma ka ga SATA link up 6.0 Gbps har da sunan diskin da sdb amma dai ba ka gan shi a folda ba. Kowanne da hanyarshi, shi ya sa ba na yarda in taɓa komai sai na ga wannan da idona. Na Alhaji shiru ne, tsit.

Koma tsohon kanel ka kafa hujja

Wannan matakin mutane ke tsallakewa kuma shi ne ke raba gardama. Yi ristat, tana tasowa ka danne Shift ko ka riƙa danna Esc har allon GRUB ya fito, wato allon da ake zaɓar kanel kafin Linux ta tashi, ka shiga Advanced options, ka zaɓi kanel mai ƙaramar lamba, ba mai recovery ba. In ta tashi ka sake uname -r don ka tabbata, ka sake zura diskin kana kallon dmesg. Ya fito? To kanel ne, an gama wannan maganar, kuma tunda ga shi ya fito ka kwashe aikin da ke gabanka yanzu-yanzu kafin ka ci gaba da bincike. Bai fito ba ko a tsohon? To afdet ɗin tsautsayi ne ya haɗa su, sai ka tsallaka can ƙasa inda na yi maganar waya da wuta da ƙura.

Tunda kana cikin tsohon ka aje shaidarshi, za ta yi amfani:

sudo dmesg > tsoho.txt
lspci -nnk > tsoho-pci.txt

ka koma sabon ka yi irin haka da sunan sabo, sai ka jera su ka ga inda suka saɓa. A kwamfutar Alhaji tsohon 6.8 ne sabon 6.11, sabida Ubuntu ta kan tebur tana bin layin kanel ɗin da suke kira HWE, wanda ke tsalle zuwa sabuwar lamba lokaci-lokaci ba tare da ka canza Ubuntun ba.

In shiru ne kuma diskin SATA ne

Nan zan daɗe don nan matsalar ta fi yawa a 'yan shekarun nan. Da farko ka bar diskin a ciki ka tilasta wa kanel ya leƙa ramukan da kanshi:

for h in /sys/class/scsi_host/host*; do echo "- - -" | sudo tee $h/scan; done

Ka lura akwai fili tsakanin layukan ukun nan, in ka haɗe su ba zai yi ba. Sai ka yi lsblk, umarnin da ke jero duk diskin da kwamfutar ke gani. In diskin ya bayyana to alhamdulillahi, diski lafiya, waya lafiya, wuta lafiya, direba ma na nan, abin da ya ɓace kawai shi ne ƙararrawar da rami ke bugawa in an zura abu. To wa ya kashe ƙararrawar?

Tattalin wuta ne. SATA, wato hanyar da ake haɗa diski da madabod, babban allon cikin kwamfuta, na da wani tsari da ke sa layin da ke tsakanin madabod da diski ya yi gyangyaɗi in ba a aiki, don batirin laftof ya daɗe. Matsalar ita ce layi mai shiga barci yana fita, canjinshi na kama da na zura diski da zarewa, don haka in an kunna tsarin kanel na toshe kunnenshi daga wannan ƙararrawar, ramin da babu komai a ciki kuma sai ya kashe shi gaba ɗaya. Da can wannan tsarin wasu madabod da aka lissafa kawai ake kunna mawa, yawanci na laftof, kwamfutar tebur da saba ana barinsu yadda BIOS, shirin saitin madabod ɗin kanshi, ya aje su. Daga kanel 6.9 da ya fito watan Mayun 2024 aka cire wannan bambancin, kowace kwantirolar AHCI, wato mai kula da ramukan SATA, ta shiga, sai dai ramin da BIOS ya yi wa alamar cewa na zura-da-zarewa ne ko na waje, shi ake ƙyalewa. To in madabod ɗinka bai sa wa ramin alamar ba, da kana cin bulus ne yana aiki, yanzu kuma an rufe ƙofar. Duk wanda ya tsallako wannan lambar zai iya haɗuwa da shi, ko mai Ubuntu daga 6.8 zuwa 6.11, ko mai Debian da ya tashi daga 12 mai kanel 6.1 ya koma 13 mai 6.12.

Duba ka gani:

grep . /sys/class/scsi_host/host*/link_power_management_policy

In ka ga med_power_with_dipm ko min_power to ga ɓarawon nan. Abin da muke so a ramin shi ne max_performance. Gwada nan take ba sai ka yi ristat ba, a ce host2 ne naka:

echo max_performance | sudo tee /sys/class/scsi_host/host2/link_power_management_policy

sai ka zare ka sake zurawa kana kallon dmesg. Wani abu da ke rikita mutane, lambar host da lambar ata da kake gani a dmesg ba ɗaya ba ce, ata daga 1 yake farawa host daga 0, kuma in akwai wata kwantirolar lissafin na ƙara karkacewa, don haka kar ka yi canke, yi ls -l /sys/class/scsi_host/ za ka ga kowane host da atan da yake ƙarƙashi.

Wannan gwajin ristat ɗaya zai share shi. Gyara na dindindin wanda na fi so shi ne na BIOS: shiga da Del ko F2, nemi shafin SATA, ka tabbata yana kan AHCI, sannan a ƙarƙashin kowane rami yawancin madabod na da Hot Plug, ka mai da na ramin aljihun Enabled. Shi ke nan kanel zai gane ramin ya bar shi a farke, sauran ramukan su ci gaba da tattalinsu. Gargaɗi ɗaya, in ka tarar da shi kan RAID ko IDE kuma akwai Windows a kwamfutar, kar ka juya shi AHCI haka kawai, Windows ɗin na iya ƙin tashi.

Na Alhaji nan aka gama, ramin yana Disabled tun ranar da na haɗa ta, wato laifin har da ni a ciki, na faɗa mashi hakan ya yi dariya ya ce to kuɗin mai ma ba zai ba ni ba.

Amma irin kwamfutocin ofis na hannu da muke saye da yawansu BIOS ɗinsu ba shi da wannan zaɓin ko kaɗan. To sai ka faɗa wa kanel kai tsaye. Ka fara gwadawa na tashi ɗaya: a allon GRUB danna e, ka je layin da ya fara da linux, a ƙarshenshi ka ƙara

ahci.mobile_lpm_policy=1

ka danna Ctrl da X. Lamba 1 ita ce max_performance, 0 na nufin a bar yadda BIOS ya aje, 3 ita ce waccan med_power_with_dipm ɗin. In ya yi, sai ka buɗe /etc/default/grub ka sa shi cikin layin GRUB_CMDLINE_LINUX_DEFAULT tsakanin alamun zance, ka yi sudo update-grub ka yi ristat. Masu Fedora da Rocky su yi amfani da grubby. Bayan ta tashi ka duba cat /proc/cmdline ka gan shi da idonka, don sau nawa mutum zai gyara fayil ya manta update-grub ya zo yana cewa bai yi ba.

In laftof ce kuma kana kan batir ko ƙaramar inbata ka san wannan zai ƙara cin wuta kaɗan, a kwamfutar tebur ba abin da za ka ji a jikinka. Sannan in ka gyara ka dawo ka tarar ya koma gidan jiya, duba ko ka sa shirin tattalin wuta irin su TLP ko powertop ko tuned, waɗannan na sake rubuta fayil ɗin link_power_management_policy bayan an tashi, TLP ma duk sanda aka ɗauke wuta laftof ta koma batir sai ya canza shi, mu da wuta ke zuwa ta tafi sau nawa a yini sai ka ga abin yau ya yi gobe bai yi ba kamar aljani.

In tilasta leƙen ma bai fito da shi ba

To halan direban ne bai hau ba. Yi

lspci -nnk | grep -iA3 -E "sata|sas|raid|non-volatile"

kowace kwantirola ya kamata a ƙarƙashinta ka ga Kernel driver in use da sunan direba, ahci ga SATA, mpt3sas ga katunan LSI masu ƙara ramukan diski, megaraid_sas, ko nvme. In layin babu a sabon kanel amma yana nan cikin tsoho-pci.txt da ka aje, ka kama shi. Gwada sudo modprobe da sunan direban ka karanta abin da zai ce.

In ya ce not found, a Ubuntu 22.04 da 24.04 direbobi da yawa suna cikin wani fakej daban, kuma afdet ɗin da data ta yanke ko wuta ta ɗauke ana tsakiyarshi na iya barin kanel ya shiga shi bai shiga ba:

sudo dpkg --configure -a
sudo apt -f install
sudo apt install linux-modules-extra-$(uname -r)

Ka kuma dubi df -h /boot, in ya cika da tsofaffin kanel to mai yiwuwa fayil ɗin initramfs na sabon, wanda ke ɗauke da direbobin farkon tashi, bai ginu daidai ba, sai ka yi sudo apt autoremove, amma ka karanta jerin abin da zai goge kafin ka ce eh, kar ya tafi da tsohon kanel ɗin da ke ma aiki, sannan sudo update-initramfs -u -k all. In kuma direban naka daga waje aka kawo shi, kamar ZFS a wasu tsarin ko direban wani kati, yi dkms status ka ga ko an gina shi wa sabon kanel. In modprobe ya ce Key was rejected by service to Secure Boot ne ya ƙi direban da ba a sa wa hannu ba, mokutil --sb-state zai gaya ma ko a kunne yake. Masu tsofaffin saba kuma su sani Red Hat tun daga RHEL 8 ta cire wasu tsofaffin katunan LSI irin SAS2008 daga direbanta, Rocky ma haka, a ELRepo, wani rumbun direbobi na waje, ake samo madadin.

In rubutun kuskure ne ke zubowa

Wannan sau da yawa ba kanel ba ne, ƙarfe ne. Dubi lambar SStatus a dmesg: 133 na nufin an haɗu kan gudun 6 Gbps, 123 kan 3, 113 kan 1.5, 0 ba a ji komai a ramin ba, 1 kuma an ji akwai abu amma sun kasa gaisawa. In ka ga yana ta saukowa daga 6 zuwa 3 zuwa 1.5 to waya ce ko bakin aljihun. Mu nan Katsina ƙurar hunturu ba ta bar komai ba, na sha buɗe aljihun diski in tarar da bakin ya yi ja da ƙasa kamar an yi yaɓe, kashe kwamfutar ka zare ta daga soket ka hure ka canza wayar SATA da wata. In diskin ya samu ya fito ko sau ɗaya yi

sudo smartctl -a /dev/sdb

ka dubi lamba 199, UDMA_CRC_Error_Count, in tana ƙaruwa waya ce. Lamba 5 da 197 in sun tashi daga sifiri wannan diskin ne da kanshi ke ciwo, kwashe kayanka tun yana numfashi.

Sai wuta. Babban diski lokacin da zai fara juyawa yana jan wuta sosai a layin 12V, har kusan amfiya 2 a wasu, to in fawa saflai ɗin ya tsufa ko kana kan ƙaramin janareta mai tari, kana zurawa za ka ga har sauran diskin sun yi ristat a dmesg. Kuma bakin wutar SATA mai fil 15 shi aka ƙera don a zura da wuta, wasu fil ɗin sun fi wasu tsawo don su fara taɓawa, tsohon farin baki mai fil 4 ba a yi shi don haka ba, kar ka riƙa cusa shi inji na kunne. Akwai kuma wasu manyan diski na saba da in fil na 3 ya samu wutar 3.3V ba za su juya ba sam, a kwamfuta ɗaya su yi a wata su ƙi.

Sai dai in a tsohon kanel tsaf yake aiki, sabon ne kawai ke kawo kurakuran, to koma ka gwada ahci.mobile_lpm_policy=1 ɗin nan, don akwai diski da SSD da ba sa farkawa daidai daga wancan gyangyaɗin.

Na USB

Diskin da ke cikin kwanso na USB hanyarshi daban. Yi lsusb ka ga ko kwanson ya fito, sai lsusb -t ka ga direban da ya kama shi, uas ne ko usb-storage. Uas ya fi sauri amma kwansuna masu arha da yawa ba sa jituwa da shi, za ka ga uas_eh_abort_handler da reset suna ta maimaituwa. Ɗauki lambar ID ta kwanson daga lsusb, tana zuwa kashi biyu da ɗigo biyu a tsakani, ka sa a layin GRUB kamar yadda muka yi ɗazu:

usb-storage.quirks=xxxx:yyyy:u

ka mai da xxxx:yyyy lambarka, u ɗin ƙarshe shi ke cewa a bar uas. In kuma yana fitowa ya ɓace bayan ɗan lokaci gwada usbcore.autosuspend=-1. Ka kuma bar ramukan gaba ka zura a na bayan kwamfutar, sun fi ba da wuta.

NVMe da injin cikin inji, a gurguje

Ƙaramin NVMe na M.2 ba a zare shi da wuta, kar ma ka fara. Na saba irin U.2 shi ake yi wa haka, kuma direban pciehp ke kula da shi, sudo dmesg | grep -i pciehp zai nuna ko ya ji. Tilasta leƙenshi shi ne echo 1 | sudo tee /sys/bus/pci/rescan, in da haka yake fitowa gwada pcie_ports=native a GRUB. In kuma Linux ɗin naka cikin VMware yake, wato injin cikin inji, ka ƙara mashi diski bai gani ba, wancan umarnin na scan mai layuka uku shi ne dai maganin. Masu Proxmox suna da proxmox-boot-tool kernel pin na tsayawa kan kanel ɗin da suke so.

Ya fito a lsblk amma ba ka ga fayil ba

To ka iso tasha ta ƙarshe. Abu na farko, sunaye irin sdb da sdc ba alƙawari ba ne, sabon kanel na iya jera su daban, jiya sdb yau sdc. In a /etc/fstab, fayil ɗin da ke faɗin inda za a ɗora kowane diski, ko cikin wani ɗan shirin kwafi ka rubuta /dev/sdb1 to ka gyara tun bai kwafe ma aiki kan diskin da ba shi ba. Yi sudo blkid ka ɗauki UUID, lambar shaidarshi da ba ta canzawa da jeri, ka sa shi a madadin sunan, ka ƙara nofail cikin zaɓuɓɓukan don kar kwamfutar ta tsaya jiran diskin da ke gida cikin durowa, sannan sudo systemctl daemon-reload.

Gwada ɗora shi da hannu, udisksctl mount -b /dev/sdb1, ka karanta ƙorafin. In NTFS ne, wato tsarin fomatin na Windows, kuma yawancin diskin masu bidiyo shi ne tunda suna yawo tsakanin Windows da Linux, tun kanel 5.15 akwai direban ntfs3 a ciki, shi kuma in diskin ba a cire shi da kyau ba ƙin ɗora shi yake, a dmesg za ka ga volume is dirty. Mafi aminci ka kai shi Windows ka yi chkdsk /f ka cire shi ta hanyar da ta dace, ka kuma kashe Fast Startup a can. Akwai ntfsfix -d a Linux da ke share alamar, amma alamar kawai yake sharewa ba cikakken gyara ba ne, ni ba na yin shi kan diskin da bidiyon bikin mutane ke ciki sai in akwai kwafi a wani wuri.

In duk ka bi bai yi ba

Zauna kan kanel ɗin da ke aiki, ba abin kunya ba ne. A Ubuntu 24.04 sudo apt install linux-generic zai kawo ma layin 6.8 wanda ke ci gaba da samun gyaran tsaro, wannan ya fi ka daskare kan lamba ɗaya da apt-mark hold ka manta da ita shekara biyu. Don GRUB ya riƙa tuna wanda ka zaɓa ka sa GRUB_DEFAULT=saved da GRUB_SAVEDEFAULT=true ka yi update-grub. Sai ka kai rahoto da ubuntu-bug linux kana cikin kanel mai matsalar, ka haɗa da tsoho.txt da sabo.txt, ka faɗi lambar da ke aiki da wadda ba ta yi, wannan shi masu gyaran ke fara tambaya.

Zarewa

Rabin diskin da ake kawo mani wai afdet ya lalata, zarewar ganganci ce ta lalata su. Ramin na iya jure a fizge diski amma fayil ɗin da bai gama rubutuwa ba ya tafi. Ga abin da na rubuta a takarda na manna a jikin kwamfutar Alhaji da salatif, na ce wa yaron ko ana kiran sallah ka tsaya ka gama waɗannan kafin ka ja:

sync
sudo umount /dev/sdb1
echo 1 | sudo tee /sys/block/sdb/device/delete

Amma kafin na ukun ya yi lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL ya tabbata sdb ɗin shi ne na aljihu ba wanda Ubuntu ke kai ba, don in ya goge wancan kwamfutar za ta sandare a hannunshi. Sai ya saurara har ya ji faifan ya tsaya da juyawa sannan ya zaro. In na USB ne udisksctl power-off -b /dev/sdb ya isa bayan umount. In diskin na cikin RAID na mdadm ne sai an yi mashi --fail da --remove tukunna, in ZFS ne zpool offline. Sabon diskin da aka aiki yaron saye kuwa daga baya Alhaji ya saye shi duk da haka, na ce a mai da shi na uku, ɗaya a shago ɗaya a gida ɗaya a cikin aljihun.